Abin da Ɗawisu Ya Koya wa Hawainiya

A dajin Gangaren Kanya an yi wani ofis da matafiya kan je su tambayi lafiyar hanya kafin su kama tafiya. Babban ma'aikacin wurin shi ne Ɗawisu, wanda ba abin da ya dame shi irin yadda ake kallonsa. Abokiyar aikinsa Bushiya ce, sarauniyar tambaya. Sai aka ɗauki Hawainiya aiki, aka ce Ɗawisu ya koya mata. Ita kuwa abin da ta gani shi take kwaikwaya.

"Ki miƙe wuya, ki amsa da sauri," in ji Ɗawisu. "Kada in kuskura in ji kin ce ba ki sani ba. Wannan maganar zubar da mutuncin ofis ce."

"To, Yallaɓai."

Bushiya ta ɗago kai. "In da gaske ba ta sani ba fa? Ka koya mata ta tambaya: wa ya gani, yaushe ya gani."

"Ke da jiki duk ƙaya, ke za ki koya mini fita kunyar jama'a?"

"Jama'a hanya suka zo nema, ba ado ba."

Ɗawisu ya karkaɗa jela, ya juya mata baya.

Wata rana Ɗawisu ya tafi taro, Bushiya kuma ta fita duba gada. Da ya dawo, Hawainiya ta tare shi, wuya a miƙe.

"Yallaɓai, uwargidanka ta zo da yara, za su gidan kakarsu. Ta ce ta ji ƙishin-ƙishin gobara a hanyar fadama. Na ce mata su bi, lafiya lau."

"Wa ya duba hanyar?"

"Babu kowa. Ni ma ban sani ba, amma ko kaɗan ban nuna ba. Har yaba mini ta yi."

Ɗawisu ya zabura. Ya leƙa ta taga, sai ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe fadama. Bai san lokacin da ya bar ofis ba.

Ya iske su a gindin wata giginya, wuta ta kewaye su, uwar tana kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Ya baza jelarsa ya lulluɓe yaran, suka kutsa ta cikin ciyawa mai ci da wuta har bakin rafi. Sun tsira da rai, sai dai autan ya ƙone a ƙafa, jelar Ɗawisu kuwa ta zama toka.

"Ofishinka ne ya ce mu bi," in ji matarsa. "Da irin muryarka ma aka faɗa mini."

Washegari ya shiga ofis da niyyar korar Hawainiya. Ya same ta a rakuɓe, ta koma fari fat don tsoro.

"Yallaɓai, a ina na yi kuskure? Gaya mini wanda na bari cikin abin da ka koya mini."

Ɗawisu ya jawo kujera kusa da teburin Bushiya.

"Malama, ki fara da mu daga farko. Mu biyu."

Darasin wannan labari shi ne, wanda kake koya wa aiki halinka yake ɗauka gaba ɗaya. In ka koya masa kwalliya ba ka koya masa bincike ba, wata rana amsarsa za ta faɗa kan wanda kake ƙauna.