Mangwaron Tanimu da Sunan Jariri

Ku matso ku zauna. Kai mai waya, kashe ta ko ka tashi, ba na maimaita magana.

A Kwarin Maje akwai wani manomi, Tanimu, da ya gaji gonar mangwaro daga mahaifinsa. Duk bazara itatuwan su yi 'ya'ya har rassa su taɓa ƙasa, duk bazara kuma su zube su ruɓe, don babu mai saye. Awaki ma sai su shinshina su wuce. Haka abin yake a duk yankin. Bana Tanimu ya gaji, ya kira masu gawayi su sare gonar. Matarsa Kande, da tsohon ciki, ta ce, "Malam, inuwar Baba za ka mayar gawayi?" Ya ce, "Inuwa za mu ci? Amma na yi alkawari, duk wanda ya hana gatari taɓa itatuwan nan, abin da kika haifa sunansa zai ci."

Na farko da ya kawo ɗauki Haladu ne, malamin gona na ƙaramar hukuma. Akwai wani sito na gwamnati a bakin titi, a kulle tun zamanin da ba a tunawa, jemagu ne kaɗai ke amfana da shi. Haladu ya bi ofis-ofis har takalminsa ya cinye, aka samo makulli, aka share don a riƙa tara mangwaro. Ya kuma sa shugaban ƙaramar hukuma ya janye masu karɓar haraji da katakonsu mai ƙusa, waɗanda ke tsare mota a rana har kaya su dafu.

Na biyu Alhaji Mudassiru, mai kamfanin lemon kwalba a birni. Shi daga ƙasar waje yake sayo garin haɗa lemo, ku ji fa, alhali mangwaro na ruɓewa a bayan gidansa! Manajansa ya ce kayan ƙauye ba tabbas. Alhaji ya ce ya ji, zai gwada. Ya gyara injinsa, ya aiko da akwatunan roba maimakon kwanduna, ya ce a tsinko da hannu kafin ya nuna sosai, a daina kaɗowa da sanda.

Na uku Iliya direba. Ruwan farko ya cinye kwalbati, direbobi duk suka ce motarsu ba ta haya ba ce ga rami. Iliya ya tara samarin gari suka cike wajen da duwatsu, ya lulluɓe kayan da jiƙaƙƙun buhuna, ya ratsa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya yi ta sawu har mangwaron gonakin ya ƙare, motarsa ta dawo tana tari.

Masu gawayi suka saɓa gatarinsu suka tafi. Kande ta sauka lafiya, namiji, kuma ɗaya tal.

Ranar suna ga su nan su uku a kan tabarma, kowa da goronsa a hannu, babu wanda ya roƙi komai. Rago na ɗaure, mahauci na wasa wuƙa. Liman ya karkato kunne ya ce, "Tanimu, wane suna?" Tanimu ya dubi wannan, ya dubi wancan.

Kada wani ya ce min a haɗa sunayen uku, yaro ne ba allon kanti ba. To ku faɗa min, Haladu, Mudassiru ko Iliya, sunan wa za a raɗa wa jaririn nan?