Ƙaramin Gwangwani Marar Launi

"Don Allah, ɗana, wannan ƙaramin gwangwanin fa, mene ne aikinsa?"

Wani dattijo ne ya yi wannan tambaya a shagon mai sayar da fenti. Ba da matar da za mu ji labarinta yake ba, bai ma san tana wurin ba. Ita tana rakuɓe a bakin ƙofa, tana jira a gama da manya. Amma tambayar ta shiga kunnenta, amsar ma ta shiga. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Akwai wata mata mai suna Afiniki, ba ta cika shekara biyu da aure ba. Mai kunya ce ƙwarai. Ko a zumuntar matan majami'a, in aka ce ta ɗaga waƙa, sai ta sunkuyar da kai har wata ta ɗaga. Makarantarta ba ta yi nisa ba, amma abu ba ya wuce idonta, abin da kunnenta ya ji kuma ya zauna ke nan. Mijinta, Malam Habila, malamin makaranta ne. Mutum ne mai kirki, mai karatu, sai dai ba ya karanta abin da yake zaton ya riga ya sani.

Suna zaune a wani tsohon gida irin na ma'aikatan jirgin ƙasa. A ɗakin wankan akwai babban bahon ƙarfe, irin wanda mutum yake shiga ya miƙe ƙafa. Farin jikinsa ya ɓaɓɓare, tsatsa ta ci cikinsa, har ya yi kaifi kamar haƙoran zarto. Ba mai wanka a ciki. Bokitai ake jerawa.

Ana nan, mahaifiyar Malam Habila ta kwanta asibiti da ciwon gaɓoɓi. Likita ya ce za a sallame ta ran Talata ta sama, amma lalle ta riƙa zama cikin ruwan ɗumi kowace safiya. Kada kuma a bar wani abu ya yanke ta, gama tana da ciwon sukari, rauninta ba ya warkewa da wuri.

Sai Keziya, yayar Malam, ta ce, "Habila, in ba ku da inda Mama za ta yi wannan wanka, ni zan tafi da ita birni. Kada ma ka fara mini gardama."

Tsohuwar ba ta son birni. Afiniki ma ba ta so a tafi da ita. Ta rasa uwarta tun tana ƙarama, kuma ranar da ta fara girki a gidan miji ta ƙona miya, tsohuwar nan ce ta cinye tata, ta miƙo kwano ta ce a ƙara mata. Irin wannan ba a mantawa.

Da yake lokacin hutu ne, Malam ya ce shi zai gyara bahon da hannunsa. Ran Asabar ya sayo fentin baho na musamman, wanda ake kira efoksi. Gwangwani biyu aka ba shi a ɗaure tare, babba mai farin fenti, da ƙarami mai wani ruwa marar launi. Mai shago ya buɗe baki zai yi bayani, Malam ya tare shi.

"Bar shi, na sani. Ai ni na shugabanci fentin majami'armu bara."

Ran Litinin da safe ya aiki Afiniki ta sayo buroshi da samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge ƙarfe. A nan ne ta ji dattijon ya yi tambayarsa. Irin fentin da ke gidansu ne a hannunsa. Waɗanda ke zaune a benci suka yi dariya.

"Baba, da furfurarka za ka koma fenti?"

"Ku yi dariyarku," in ji dattijon. "Matambayi ba ya ɓata."

Mai shago ya ce, "Baba, wannan ƙaramin shi ne ran fentin. Babban ne ido yake gani, amma in ba ka zuba masa ƙaramin ba, ko shekara ya yi ba zai bushe ba. Ludayi huɗu na babba, ɗaya na ƙarami, ka gauraya sosai. Da ka haɗa, kada ka tsaya gaisuwa, don daskarewa yake a kwano. Kafin nan ka kankare tsatsa tas, ka wanke, ya bushe ƙayau. In ka shafa kuma, kwana uku ko ɗigon ruwa kada ya taɓa shi."

Afiniki ta komo gida da wannan magana a cikinta. Malam ya karɓi samfefa ya goga sama-sama, ya buɗe babban gwangwani yana juyawa da tsinke. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza bakin zanenta.

"Malam, ƙaramin fa?"

"Wannan ai ruwan wanke buroshi ne, amarya. Ba ki ga ba shi da launi ba?"

Afiniki ta sunkuyar da kai. Ta ce a ranta, wace ce ni da zan gyara wa malamin makaranta? Watakila ma ni ce ban ji daidai ba.

Ya shafa rabin gwangwani, ya ajiye rabin don shafi na biyu. Bahon ya yi fari fat, gwanin sha'awa. Sai ya ce, "Miƙo mini ƙaramin nan in wanke buroshi."

Ta miƙa masa kwalbar kananzir. "Ga wannan, Malam, yana kusa."

Ƙaramin gwangwanin kuwa ta ɓoye shi bayan buhun masara. Iyakar abin da ta iya yi ke nan.

Ran Talata fenti bai bushe ba. Malam ya ce sanyin damina ne. Ran Laraba da safe suka tarar ƙudaje da tururuwa sun manne a ciki, tsaka ma ta bi ta kai ta bar sawunta tun daga wannan gefe har wancan. Ya danna babban yatsa, yatsan ya fito fari yana jan zare kamar yauƙin kuɓewa. Keziya ta bugo waya tana tambaya ko an gama. Ya ce saura kaɗan. Da ya ajiye wayar, ya zauna a kan kujera ya dafe kai.

"Jabu suka sayar mini," ya ce. "Gobe zan je in sami mai shagon a gaban jama'a."

Nan ne Afiniki ta ga shirunta ya ci musu kwana uku, ga Mama za ta tafi birni, ga kuma mutumin da ba shi da laifi za a ci wa mutunci. Ta shiga ɗakin girki ta yi addu'a, ba ta da tsawo. Ta ce, "Ya Ubangiji, ka san bakina mai nauyi ne. Ka taimake ni."

Da rana ta jera abinci a tire: kwanon tuwo, kwanon miyar kuka, kofin ruwa. A tsakiyarsu ta ajiye ƙaramin gwangwanin.

Malam ya buɗe tuwo, ya buɗe miya, ya tsaya.

"Amarya, wannan kuma yaji ne ko man shanu?"

Ta durƙusa, idonta a kan tabarma, ta faɗa masa abin da ta ji a shago, kalma bayan kalma, tun daga ludayi huɗu har kwana uku. Ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Ya ɗauki gwangwanin, ya sa tabarau, ya juya bayansa inda aka yi ƙananan rubutu. Ya daɗe yana karantawa. Sai ya rufe baki da tafin hannu.

"Ga shi a rubuce. Da Turanci ƙarara. Ni kuwa Turanci nake koyarwa!" Ya dube ta. "Me ya hana ki faɗa tun Litinin?"

"Kunya, Malam."

"Kunyarki da girman kaina, su biyu suka haɗu suka ci mana kwana uku. Nawa ya fi yawa." Ya girgiza gwangwanin a kunnensa, ya ji a cike yake. "Da kin miƙo mini shi ranar nan, da na wanke buroshi da ran fentin. Na gode, uwargida."

Bai taɓa kiranta haka ba sai ranar.

Ya koma shagon, ba don faɗa ba, ya yi tambayoyi har mai shago ya gaji, ya sayo tina, ruwan narkar da fenti, don cire danƙon. Sauran yinin Laraba da na Alhamis suka yi suna kankara da tsohuwar wuƙa, tagogi a buɗe, tsumma a hanci. Da danƙon ya fita, ga tsatsa tana nan yadda take, rufe ta kawai aka yi. Suka goga da samfefa har kafaɗunsu suka yi tsami, har ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Suka wanke, suka bar shi ya bushe. Afiniki ta lura famfon yakan ɗiga jefi-jefi, sai ta ɗaure masa baki da leda.

Ran Jumma'a da safe ita ta auna, shi ya shafa. Rabin gwangwanin nan ya isa daidai, ko cokali bai ragu ba. Suka kulle ƙofa. Kwana uku suna wanka da bokiti a bayan gida, ba wanda ya leƙa.

Ran Litinin suka buɗe. Malam ya ƙwanƙwasa da yatsa, bahon ya amsa ƙwal, ƙwal, kamar farantin tangaran. Suka tsaya nan a ɗakin wanka suka yi godiya ga Allah.

Ran Talata Keziya ta kawo Mama. Ta shiga ta shafa bahon da tafin hannu, ciki da baki, tana neman aibi, ba ta samu ba.

"To, Habila, ashe ka iya."

"Ba ni kaɗai ba ne, Yaya," ya ce. Ya waiga zai ƙara, ya ga Afiniki ta girgiza masa kai kaɗan, ta fice ɗora ruwa.

Da aka zaunar da tsohuwar cikin ruwan ɗumi, ta lumshe ido ta ja dogon numfashi. "Kai, 'yata, kamar an zare mini ƙaya daga gwiwa. Allah ya sa miki albarka." Ba ta kuwa tafi birni ba.

To, 'yan'uwana, ga ma'anar wannan misali. Bahon nan zuciyarmu ce. Tsatsa kuwa laifin da muka rufe ne ba mu tuba ba. Ka shafa masa fari yadda ka ga dama, yana nan a ƙasa yana ci, sai an kankare, kankara kuwa da zafi. Babban gwangwani shi ne abin da mutane suke gani a jikinmu: kayan Lahadi, muryar waƙa, yawan karatu, iya addu'a a gaban jama'a. Ba abin banza ba ne, da shi ake yin farin. Amma ƙaramin gwangwani shi ne tawali'u da ƙauna, waɗanda Allah yake zubawa cikin mutum. Ba su da launi, ba mai tafa musu, har wani yakan ɗauka na wanke buroshi ne. In babu su, farinmu ba ya tsayawa. Kowane ƙuda ya sauka sai ya manne, gulma ta manne, fushi ya manne, kowace tsaka ta wuce ta bar mana sawu.

Ku lura kuma, shiru iri biyu ne. Akwai shirun da yake barin ɗan'uwa ya faɗa rami, muna kiransa kunya. Wannan sai a roƙi Allah ya buɗe baki, ko da a tiren tuwo ne za a kai maganar. Akwai kuma shirun da yake rufa wa ɗan'uwa asiri bayan ya riga ya gyara. Wannan a riƙe shi da kyau.

Mu gode wa Allah da yake aiko da taimako ta inda ba a zata ba. Dattijon nan har yau bai san tambayarsa ta zaunar da wata tsohuwa a gidan ɗanta ba. Kada ku ji kunyar tambaya, ba ku san wa yake rakuɓe a bakin ƙofa ba.

Ran Lahadi 'yan zumuntar mata suka zo gaida Mama, suka leƙa ɗakin wanka suna ta mamaki. Wata ta ce, "Afiniki, kin dace da miji! Nawa ko ƙusa ya buga sai bango ya tsage. Yaya aka yi ya yi haka?"

Labarin ya zo mata har baki. Ta san in ta faɗa, za su yi wata guda suna dariyar Malam da sawun tsaka, ita kuma a yaba mata. Ta dubi Mama tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, tana ɓare gyaɗa.

"Mun gode wa Allah," ta ce.

Da suka tafi, ta ɗauki ƙaramin gwangwanin da sauran abin da ya rage a ciki, ta danne murfinsa, ta mayar da shi bayan buhun masara. Ta ƙudura a ranta ba za ta gaya wa kowa ba.