Shirun Akwatin Hashimu

A Batsari akwai wani mai gyaran wayoyi ana ce masa Hashimu. Hannunsa na da kyau, wannan ba mai musu. Amma yana da wata muguwar cuta: so yake a ce in babu shi komai ya tsaya. Har yau in an ambaci sunansa sai na ji zuciyata na tafasa.

Lokacin da 'yan bindiga suka addabi hanyar Runka, ƙungiyar direbobin a-kori-kura masu ɗaukar hatsi ta sayi wani akwatin waya ta ajiye a ofishinta. Aikinsa ɗaya ne. Duk wanda ya ga motsin ɓarayi sai ya kira lamba guda, akwatin ya buga wa dukkan direbobi a lokaci ɗaya. Daga nan aka saba: ranar kasuwa direba ya loda buhunansa, ya duba wayarsa. In ta yi ƙara, ya kashe mota. In shiru, hanya lafiya, ya yi bisimilla ya tafi. Hashimu aka ɗora a kan akwatin, shi ke riƙe da makullin ɗakin.

Akwatin tsohon yayi ne, ƙwaƙwalwar da ke cikinsa kamfanin da ya ƙera shi kaɗai ke yin irinta. Wata rana dillalin da ya sayar musu ya zo daga Katsina, ya zauna da shugaban ƙungiya, Alhaji Lawal.

Ya ce, "Alhaji, masu ƙera kayan nan sun canja hanya. Yanzu ƙwaƙwalwa irin ta kowace kwamfuta suke sa musu. In ta lalace, duk mai gyara a kasuwa zai canja muku ita a yini guda. Naku kuwa an daina yin kayansa. Ku kawo in musanya muku."

Alhaji Lawal ya dubi Hashimu. "Kai mi ka gani?"

Hashimu bai ji komai a maganar ba sai "duk mai gyara". Wato gobe kowane mai sukudireba zai sa hannu a akwatinsa? Ya taɓe baki.

"Ranka ya daɗe, ciniki yake nema. Wanga akwati ni na san cikinshi da bayanshi. Muddin ina numfashi ba abin da zai same shi."

Alhaji bai san kan na'ura ba, sai ya yarda. Dillali ya karkaɗe rigarsa ya tafi.

Da damina ta yi nisa, aka yi wata tsawa ta ƙone ƙwaƙwalwar ƙurmus. Hashimu ya buga Kano, ya buga Legas, kowa ya ce babu. Wani ne kawai ya ce zai nemo masa kwance, wato wadda aka ciro daga tsohon akwati, ya ƙara haƙuri.

To a nan ne raina ke ɓaci. Magana ɗaya ta ishe shi: "Jama'a, akwati ya mutu, kowa ya nemi labarin hanya da kansa." Shi ke nan fa! Amma ina, sai a ce dillali ya fi shi gaskiya. Sai ya samo ƙaramin ƙwan fitila kore ya haɗa da batir, ya maƙala a gaban akwatin, don wanda ya leƙa ta taga ya ga wuta na ci. Ya ja ƙofa ya kulle.

Ranar kasuwar Runka, wansa Tayyib, wanda shi ma direba ne, yana karyawa a tsakar gida, matarsa Mahfuza na zuba masa koko. Hashimu ya zo wucewa.

Tayyib ya ce, "Kwana biyu akwatin nan naka bai yi kuka ba. Lafiya dai yake ko?"

"Lafiya lau, Yaya. Hanya ce ta yi sanyi."

Da hantsi wani manomi ya hango babura na fitowa daga daji suna nufar titi. Ya kwanta cikin gero ya yi ta kiran lambar har cajinsa ya ƙare. Ba wayar da ta yi ƙara a Batsari. Motocin baya sun ji harbi sun juya. Tayyib ne a gaba. Bayan la'asar aka kawo gawarsa a kan buhunan da ya loda da hannunsa.

Manomin ya zo gaisuwa, ya faɗi abin da ya yi. Alhaji Lawal ya sa aka ɓalle ƙofar ɗakin, aka tarar da ƙwan fitila na ci a jikin mataccen akwati. Dattijon nan ya juya ya dubi Hashimu.

"Fitila ka kunna mana? Rayukan mutane, Hashimu, ka kunna mana fitila?"

Hashimu ya shiga gida ya durƙusa a ƙofar ɗakin Mahfuza, wadda a da ba ta ganinsa ba ta tsokane shi ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta ce, "Ya tambaye ka, Hashimu. A gabana ya tambaye ka."

Ƙungiya ta sayi sabon akwati, makullinsa na rataye a ƙusa inda kowa ke gani. Yanzu kowace safiyar kasuwa sai akwatin ya kira direbobi, ko hanya lafiya ko ba lafiya. In shiru, ba mai tayar da mota.

Darasi: wanda aka ba amanar jama'a, ba shi da ikon mayar da ita rawanin kansa. Kayan aikin da mutum ɗaya kaɗai ya iya gyarawa tarko ne, komai kyansa. Kuma in abu ya lalace a hannunka, buɗe baki ka faɗa tun da wuri. Kunyar yini ɗaya tana wucewa, amma wanda aka kai makwancinsa ba ya dawowa ya sake tambayarka.