Lasisin Sista Barira

Tunda an idar da la'asar kuma shayin bai nuna ba tukuna, ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, ku ne alƙalanta. Abin a gabana ya faru, lokacin da nake tuƙa motar asibitin Kwarin Gawo, kafin idanuna su sa in ajiye tuƙi.

Kwarin Gawo, ga wanda bai san shi ba, gari ne na manoman albasa, can bayan duwatsu. Asibiti ɗaya ne a garin, likitan tiyata ɗaya, Dakta Hashimu. Mai sa wa mara lafiya barci kafin a yi masa aiki, ta kuma tsare numfashinsa har ya farka, ita ma ɗaya ce, Sista Barira. In babu ita, likita ba ya taɓa wuƙa. Sai dai a sa mutum a motata mu kama hanyar birni, hanyar da kan cinye yini guda da damina. Na sha tashi da mai rai in isa da gawa, shi ya sa ba sai an gaya mini darajar matar nan ba.

Aikin nasu ba a yin sa sai da lasisi, lasisin kuma yana da wa'adi. Kafin a sabunta wa mutum, sai ya koma aji an ƙara masa sani, ya zauna jarrabawa, ya nuna bai tsaya a inda ya baro makaranta ba. Barira ba ta taɓa sakaci da wannan ba, sai shekarar da mijinta ya kwanta ciwon ƙoda. Ta yi ta jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa. Tana takaba tana zuwa aiki saboda lalura, amma tafiya birni ba ta yiwu ba. Ko da ta fita takaba, wa'adin lasisi ya wuce. Shugaban asibiti ya kira ta, cikin jin nauyi ya shaida mata ba ta da ikon shiga ɗakin tiyata sai ta sabunta. Aka sa wa ɗakin kwaɗo. Dakta Hashimu kuma ya ce in haka za a zauna, zai nemi a mayar da shi wani gari, don bai yi karatu ya zo ya riƙa rubuta maganin zazzaɓi kaɗai ba.

Saura zama ɗaya na ƙarin ilimin a wannan shekara, a birni, na 'yan makonni. Barira ta ce ita ta haƙura. Zuciyarta ta mutu, shekarunta sun ja, an ce yanzu da kwamfuta ake jarrabawar, ita kuwa ba ta taɓa taɓa ta ba. Ga kuma mahaifiyarta, Iya Tabawa, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta karɓar abinci ko wanka daga hannun kowa sai na 'yarta.

To, Barira tana da ƙawaye uku tun makarantar koyon jinya: Kubura, Saratu da Lantana. Ku riƙe sunayen nan, a kansu za ku yi hukunci.

Kubura ta daɗe da barin jinya, atamfa da leshi take sayarwa a birni. Ta zo yi wa Barira barka da fita takaba, ta tarar ta ninke fararen kayan aikinta za ta rabar. Ta zauna ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "Barira, mijinki mun yi masa addu'a, za mu ci gaba da yi. Amma hannun nan naki ba a binne shi tare da shi ba. Ki tafi. Iya kuma ki bar mini ita." Lokacin ana gab da sallah, lokacin da mai sayar da atamfa ke yin cinikin shekara. Kubura ta rufe shago ta tare a gidan Barira. Kwanakin farko tsohuwa ta ƙi ta, ta riƙa tofar da kunu, tana kawar da kai, tana kiran 'yarta. Kubura ba ta yi fushi ba. Ta riƙa yafa mayafin Barira in za ta ba ta abinci, tana yi mata hirar mutanen da, har tsohuwa ta saki jiki. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke yi mata tsarki. Ana cikin haka zazzaɓi mai zafi ya kama Iya, har maƙwabta suka ce a kira 'yarta. Kubura ta ce ba za a kira ba, domin ta san in Barira ta dawo ba za ta koma ba. Ta ɗauki nauyin abin a wuyanta, ta tsaya a kan tsohuwa da magani da addu'a har ta warware. Da abin ya zo da ƙarar kwana, da wane ido za ta dubi ƙawarta? Ta sani, ta kuma yi.

Saratu aikinsu ɗaya da Barira, amma a babban asibitin birni take, inda wuta ba ta ɗaukewa. Ta tara hutunta na shekara don ta je ta zauna da 'yarta ta fari, wadda cikinta na farko ya tsufa. Da ta ji an rufe ɗakin tiyata kuma likita na shirin tafiya, sai ta karɓi hutun ta nufo Kwarin Gawo. Ni na ɗauko ta daga tasha. Ɗakin ajiyar kaya aka share mata ta sa katifa. Washegari aka cire kwaɗo. Ta yi aiki da janareto mai mutuwa yana tashi, ta yi da fitilar hannu, ta sha ruwan rijiyarmu har ya ɓata mata ciki, ba ta fasa ba. Ranar da 'yarta ta haihu Saratu tana kan aikin wani dattijo da hanjinsa ya murɗe. Sai da ta fito aka miƙa mata waya ta ji kukan jikanta daga nesa. Na ga ta juya wa mutane baya tana share ido, sannan ta wanke hannu ta koma ciki. 'Yar tata ta yi fushin da ya daɗe bai huce ba. Amma Dakta Hashimu ya fasa tafiya.

Lantana kuwa malama ce a makarantar da ake ba da ƙarin ilimin, a gidanta Barira ta sauka. Ranar farko aka zaunar da Barira gaban kwamfuta a tsakiyar yara sa'o'in 'ya'yanta. Kowa ya gama ya fita, ita ba ta ko iya shigar da sunanta ba. Ta dawo gida a karye, ta ce wa Lantana, "Ke kin san hannuna, kin san shekarun da na yi ina wannan aiki. Ki sa mini hannu a kan na halarta na kuma ci jarrabawa, in koma wurin uwata. Wa zai sani?"

Lantana ta ce, "Ni zan sani, ke ma za ki sani. Gidana naki ne, lokacina naki ne, amma wannan ba zan yi miki ba."

Barira ta ɗauke mata wuta. Kwanaki tana cin abincinta ba ta ce mata komai in ban da gaisuwa. Lantana ta shanye. Kullum bayan sallar asuba sai ta ajiye kwamfutarta a kan tabarma, ta kama yatsan Barira tana nuna mata kamar mai koya wa yaro alif. In an tashi daga aji ta tsare ta a ɗakin gwaji, gaban mutum-mutumin roba, suna maimaita sababbin dabaru. A ciki har da wata roba da ake ɗorawa a bakin maƙogwaro ta ba mutum iska, in bututun da aka saba zurawa ya ƙi shiga. Barira ta ce ita a iya aikinta ba ta taɓa buƙatar wannan ba. Lantana ta ce ta sake yi. Ta sake, ta sake, har hannunta ya riƙa yi ba tare da ta yi tunani ba. Da jarrabawa ta zo, Lantana ta cire kanta daga cikin masu dubawa, don kada a ce ƙawance ne. Barira ta ci da guminta, aka sabunta mata lasisi, aka kuma ba kowane ɗalibi irin robar nan ya tafi da ita. A tasha ta rungume Lantana ta nemi gafara.

Ta dawo ta tarar da uwarta ta yi ƙiba, ɗakin tiyata a buɗe, likita yana nan. Kubura ta koma shagonta sallah ta wuce, Saratu ta tafi ganin jikan da har ya fara murmushi.

Ba a daɗe ba, wata ranar kasuwa da hantsi, aka kawo Tasalla matar Malam Nomau a bayan amalanke. Naƙuda ta ƙi ci gaba, ga jijjiga ta kama ta, ga maƙoƙo babba a wuyanta. Ruwa ya yi kwana yana zuba, gadar hanyar birni ta nutse, ko an sa ta a motata ba inda za mu. Likita ya ce aiki yanzu-yanzu. Barira ta sa mata barci, ta zo zura bututun numfashi, ya ƙi shiga, kumburin wuyan ya danne hanya. Ta sake gwadawa, ya ƙi. Leɓɓan matar suka fara canza launi. Wadda ta taya su aikin ta gaya mini Barira ba ta ko ɗaga murya ba. Ta miƙa hannu ta ɗauko robar nan ta ɗora, ƙirjin Tasalla ya ɗaga. Likita ya ciro 'ya mace, da ranta. Da azahar uwar ta buɗe ido tana tambayar abin da ta haifa.

Ana jibi suna Malam Nomau ya zo gidan Barira, ya durƙusa a zaure ya ce yana neman izini ya sa wa yarinya sunanta. Barira ta yi masa godiya, ta ce takwarorinta a garin nan sun yi yawa, kuma wannan karon ba ita ta cancanta ba. Ta ba shi labarin ƙawayenta uku kamar yadda na ba ku, ta ce, "Malam, hannuna ne ya yi aikin, amma mutum uku ne suka kai shi ɗakin. Ka zaɓi ɗaya a cikinsu."

Malam Nomau ya fito kansa a ɗaure. Yarinya ɗaya, suna ɗaya ake raɗawa. Ya same ni ina wanke mota, muka zauna, mutane suka taru, gardama ta kaure. Wasu suka ce Kubura, domin ba don ita ba da Barira ba ta ko fita ƙofar gida ba, kuma ita ta yi kasadar da za ta iya raba su har abada. Wasu suka ce Saratu, domin lasisi ba ya fiɗa, da likita ya tafi da Barira ta dawo ta tarar da kwaɗo, kuma ita ce ta rasa ranar da ba ta maimaituwa. Wasu suka ce Lantana, domin da ta ji tausayi ta sa hannun nan, da Barira ta dawo da lasisi sabo da hannu tsoho, da Tasalla ta tafi da 'yarta a ciki.

An yi suna, an yanka rago, yarinyar yanzu har ta shiga makaranta, kuma cewa take ita ma aikin asibiti za ta yi. Na san sunan da liman ya raɗa mata, amma ba za ku ji shi daga bakina ba sai na ji naku. Da ku ne Malam Nomau a safiyar nan, liman ya juyo yana jiran ku, sunan wa za ku faɗa masa: Kubura, Saratu, ko Lantana?