Katangar Tabawa da Dakan Gari

An yi wani sarki mai son barcin hantsi, amma dakan matan garinsa ya hana shi, domin unguwar gabas da nata bugun, ta yamma da nata, fada kuwa tana tsakiya. Ya kira Waziri Kwasau ya ba shi kwana bakwai, ko dai taɓaren gari su riƙa sauka tare, ko a warware masa rawani.

Waziri ya sa aka yi shela cewa a riƙa daka tare, mata suka yi dariya. Ya ɗora makaɗi a kan ganuwa don su bi gangarsa, suka ajiye taɓare suka kama rawa, ranar ba a ci tuwo ba sai bayan isha'i.

A rana ta biyar ya bi lungu-lungu da ƙafa yana saurare. Sai ya lura kowace mace hannunta yana bin turmin da take ji ta bayan katanga, wannan ta ja waccan, har unguwa ta zama bugu ɗaya. Gabas da yamma kuwa ba inda suka haɗu sai gidaje biyu, na Tabawa da na Kande, kuma katangar da ke tsakaninsu ta kai tsawon mutum uku.

Ya tambayi dalili. Tabawa ta ce akuyar Kande ce ta cinye mata shanyar kuɓewa, ta kai ƙara fada aka ce ta dawo gobe, yau shekara tara ke nan. Tun daga lokacin, kowane rani sai sun ƙara tubali.

Waziri ya koma ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, laifin ba na taɓarya ba ne. Shari'ar akuya ce ta kwana a zaurenka shekara tara."

Sarki ya yi gyaran murya ya ce a kawo akuyar. Aka ce ta mutu, sai jikokinta. Ya hukunta Kande ta biya kuɓewa ƙwarya guda, a kuma rage katangar zuwa kafaɗa.

Washegari matan biyu ba su gaisa ba. Tabawa ta yi iyakar ƙoƙarinta ta saɓa wa bugun Kande, hannunta ya ƙi. Kafin gero ya surfu, gari duka ya zama turmi ɗaya.

Sarki ya bar wa Waziri rawaninsa, ya ƙara masa da alkyabba, sannan ya ce, "Hakkin da aka danne a gida biyu, gari duka ne ke jin ƙararsa."