Itacen da Aka Ce Guba Ne

Akwai wani manomi wanda matarsa ta dasa ɗan itace a bakin rijiyarsu, ta rasu ba ta faɗa masa sunansa ba. Ya riƙa ba shi ruwa saboda ƙaunarta. A shekara ta uku itacen ya yi fure ja wur.

A makon nan akuyar maƙwabcinsa ta mutu. Da mutanen unguwa suka hangi jan fure, sai suka ce, "Ƙariya ce, wadda ake dafin kibiya da ita!" Ba wanda ya matso ya duba. Daga kan katanga suka gama bincikensu.

Mai unguwa ya zo da gatari, jama'a na biye da shi. Ya ce, "Sare shi yau, kafin ya kashe mana mutum."

Ran manomin ya ɓaci ƙwarai. Ya tsaya tsakanin gatarin da itacen, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban san sunansa ba, amma na san shi. Gindin ƙariya kamar tulu yake, dubi wannan siriri. Ƙariya ba ta da ƙaya, wannan kuwa yana da ita, sa hannu ka ji." Ya karya reshe ya ɗaga sama. "Ina ruwan da ƙariya take zubarwa? Ba zan sare ba."

Suka watse da fushi. Aka daina ɗiban ruwa a rijiyarsa, aka daina gaishe shi. Abin ya yi masa ciwo, amma bai fasa ban ruwa ba.

Bayan wata biyar furen ya zama 'ya'ya. Ran da ɗaya ta nuna har ta tsage, manomin ya ɗauke ta ya kai ƙofar mai unguwa, ya cinye jajayen ƙwayoyinta a gaban kowa. Wata tsohuwa da ta taɓa zama a birni ta leƙa, ta ce, "Kai! Ai rumman ne. Ɗana, sammini."

Ma'anar wannan misali ita ce, itacen nan bangaskiyar da aka dasa a zuciyarku ce. Waɗanda ba su taɓa matsowa ba za su raɗa mata mugun suna, su ce ku tumɓuke. Wataƙila ba ku iya amsa kowace tambaya ba, amma kun zauna da ita, kun san halinta. 'Yan'uwa, ko gari duka ya zo da gatari, kada ku matsa daga wurin.