Ranar da Hankaka Ya Ce wa Kurciya "Malama"

An yi wata Kurciya mai haƙuri a wani daji, da Hankaka mai girman kai, wanda shi ne limamin tsuntsaye, da Zabuwa wadda bakinta ba ya shiru.

Kurciya ba ta taɓa zama gaban malami ba. Tun tana ƙarama take laɓewa bayan zana tana sauraron karatun yayyenta maza, har ta iya. Da ta girma sai ta tara 'yan mata a gindin tsamiya, tana koya musu karatu da salla, har da yadda ake yi wa mamaciya wanka da sutura.

Rannan sai ga Hankaka ya diro, yana gyara farar rigarsa.

"Ke Kurciya! Mace da allo? Wannan bidi'a ce!"

"Allah gafarta Malam, in ba su sani ba, da me za su bauta wa Allah?"

"Mazajensu za su gaya musu!"

Zabuwa ta ce, "Wane miji? Nawa ko alwala sai na tuna masa!"

Hankaka ya fusata, ya kwashe allunan, ya hana kowa turo 'yarsa. Kullum Kurciya takan share gindin tsamiya, ta zauna ita kaɗai tana duban hanya.

Ba a yi wata guda ba mahaifiyar Hankaka ta rasu da hantsi. Tsohuwar da ta saba wankan gawar mata kuwa ta rasu tun bara. Namiji ba ya shiga wannan wanka, Hankaka ya fi kowa sani. Ya tsaya bayan zana yana ɗaga murya yana bayani, matan gidansa na riƙe da ƙwarya suna kuka, sun rasa ta inda za su fara. Ga maza a sahu, rana tana dukansu.

Can Kurciya ta ji sallamar Hankaka a ƙofarta, murya ƙasa-ƙasa.

"Malama..."

Zabuwa ta leƙo. "Au, yau Malama ce? Ina mazajen namu?"

"Yi shiru, Zabuwa. Gawa tana jira."

Kurciya ta kira manyan ɗalibanta biyu, suka yi wa tsohuwa wanka, suka suturta ta yadda addini ya ce.

Bayan sadakar uku, Kurciya na shara sai ta hango Hankaka ɗauke da alluna, kansa a sunkuye. 'Yarsa na biye da shi.

Darasin wannan labari shi ne, neman ilimi wajibi ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji. Wanda ya hana 'ya mace sani don girman kai, wata rana shi da kansa zai je ƙofarta yana roƙo.